Gayyar Shiru

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Kurugu ba. Marka ce ta sauka, irin wadda ba ta zuba da ƙarfi, ba ta kuma ɗaukewa, sai yayyafi yaf-yaf tun asuba har faɗuwar rana. Wankin da na shanya ranar Litinin yana nan a igiya yana warin rima, itace ya jiƙe, ashana ma sai an lallashe ta kafin ta kama. Ɗazu da azahar na ji ladan ya yi kira da zallar muryarsa, can ƙasa-ƙasa, don batirin masallaci ya ƙare, sola ba ta ga rana ba. Ina jin haka na ajiye muciya na yi tsaye. Batirin nan ya taɓa wuni a gidanmu, a wata marka irin wannan, yau shekara biyar ke nan.

Daminar jarrabawar 'yar Iya ce. 'Yar Iya ita ce 'yata ta fari. Mutane suna ce mata Ummi, don sunan mahaifiyar maigidana ta ci, ni kuwa ko wannan bakina bai iya ba. Tun da aka yaye ta Iya, wato surukar tawa, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, duk da tsakar gida ɗaya muke. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Haka muka tashi muka tarar: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yaba ta a gaban mutane, ba a zama hira da ita. In ta yi zazzaɓi sai dai in dama kunu in miƙa wa Iya, in koma ɗakina in yi ta addu'a.

Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. Sai wani kamfani a Kaduna, masu kula da manyan kwamfutocin da asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya, suka kira ta intabiyu. Sun yaba da ita, suka ce gurbin nata ne in ta kawo takardar shaidar ƙwarewa kafin ƙarshen watan Satumba. In ba ta kawo ba, akwai masu jira. Takardar kuwa wata hukuma ce a ƙasar waje take bayarwa, kuma jarrabawar ba ta rubutu ba ce. Kwamfuta ake ba mutum a rikice, a ce ya gyara, ya tsara, cikin awa uku.

Na ji ranar da take yi wa Iya bayani, ina tsintar shinkafa a gefe kamar ba na saurare.

"Iya, aikin kamar na mai riƙe da makullan gida ne. Ni zan ce wane ya shiga nan, wane kada ya shiga. Ni zan raba wurin ajiya, in wani abu ya kwanta ni zan tashe shi."

Iya, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Af! Ashe aikina za ki yi. Ni shekara hamsin ina yinsa, wa ya ba ni takarda?"

Tun azumi take shiri, a tsakiyar bazara, lokacin da ko tabarma ka taɓa sai ka ji ta da ɗumi. Ta cika littattafai uku da rubutu. Malam, wato maigidana, ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo aka biya kuɗin jarrabawa, kuma shiga ɗaya ce, in an faɗi an faɗi. An tsara za ta tafi Abuja a watan Yuli, ta sauka gidan wani ɗan'uwansa, ta zauna a cibiyar da ake yi.

Ana tsakiyar noman farko saƙo ya shigo wayarta. Na ga ta fito tsakar gida fuskarta ta canza, ta durƙusa gaban Iya. Da ma haka muke magana ni da ita: ta faɗa wa Iya da ƙarfi yadda zan ji. Ta ce an sauya jarrabawar. Tsohuwar za a rufe ta a ƙarshen wata, kuma kujerun Abuja duk sun cika. Sabuwar an cire wasu abubuwa an zuba wasu, har da babi guda da ba ta taɓa buɗewa ba. Cibiyar kuma ba a ba ta izinin yin sabuwar ba tukuna. Sai dai mutum ya yi a gidansu, da kyamara, wani yana kallonsa daga can ƙasar waje.

Iya ta ce, "To ai sauƙi ne ya zo. Kin huta da hanyar Abuja."

Washegari yarinyar ta je Karaye ta bugo ƙa'idojin a takarda, shafi huɗu, ta ajiye su a bakin tagar ɗakina ta ɗora dutse a kai, ta wuce. Na gane. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, Turancina bai gudu duka ba. Bayan na sauke tuwo na zauna na karanta. Ɗaki a rufe. Ba mai shiga har awa uku. Kada a ji muryar kowa. Kada a ga rubutu a bango ko tarkace a kusa. Mai jarrabawa kada ta yi magana, kada ma ta motsa leɓe. In sabis ya yanke ya daɗe, ko wuta ta ɗauke, shi ke nan.

Na ɗaga kai na dubi gidanmu. Gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an yi isha. Mai neman garwashi, mai aron rariya, masu tallan goro, awaki, kaji, ga turmi a kowane gida na unguwa, ga injin niƙa a bayan katangarmu. A garin nan in mutum ya rufe ɗaki da rana tsaka, cewa za a yi ba shi da lafiya, a taru a zo dubiya. Na ce a raina, wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa kwana a ƙauye ba.

Farkon abin da muka nema ɗaki ne. Nawa rufin kwano ne, in ruwa ya sauka ko kiran sunanka aka yi ba ka ji. Na Malam haka. Ɗaki ɗaya ne soro a gidan, na Iya, kuma da yake yana kan tudu tagarsa tana duban Karaye, nan ne kaɗai sabis yake tsayawa da ƙafarsa. Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bakin kasuwarmu, ko a madafa kake waya tana shiga. A lokacin sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Amma ɗakin Iya ɗaki ne na matan da. Bango guda jere ne tun daga ƙasa har rufi: tasoshi, kwalla, fanteka, langa-langa masu zanen fure, waɗanda ta zo da su gidan tana amarya, ba a taɓa sauke su ba sai dai a goge a mayar. Ga kalandu na shekaru, ga wata takardar addu'a a saman ƙofa da marigayi mijinta ya rubuta da hannunsa. Malam ya kasa faɗa mata. Kwana biyu yana shiga yana gaishe ta yana fitowa. A na uku ita ta tare shi.

"Kai, wannan gaisuwa taka ta yi yawa. Ɗakin kuke so?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "In don ƙawata ce, ku sauke. Amma wanda ya kwarzane mini tasa ɗaya, ni da shi ne." Takardar saman ƙofa kuwa ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta yi alwala, ta taka kujera muna riƙe da ita, ta ɓamɓare ta a hankali, ta naɗe ta sa a cikin Alƙur'aninta. Wuni guda muka yi muna kwasar jere zuwa ɗakina. Da aka gama, bangon ya fito da zagaye-zagaye farare inda kowace tasa ta zauna. Iya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a kawo mata goronta.

Saura wanda zai riƙa yi mata gwaji, ya karanto tambaya, ya riƙe agogo, ya sa mata ido kamar yadda za a yi ranar. Ƙawayenta suna Kano. Malam yana gona, in ya dawo kuma ga aikin rubutu a gidan dagaci. Iya ba ta yi boko ba. Ina wanke-wanke na ji ta kira ni.

"Ke Hajara, ba ke kika yi makaranta ba? Shiga ki zauna mata."

Na ce, "Iya, ni?"

"A'a, ni. Kawo kunyar nan in riƙe miki, ba za ta ɓata ba."

Haka na shiga. Shekararta ashirin da huɗu, ban taɓa zama ɗaki ni da ita mu biyu ba. Ranar farko na rasa inda zan ajiye idona. Na kafa shi a kan takarda na fara karantowa kamar ranar da aka tsayar da ni gaban aji. Ita kuma tana buga madannai, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, ba hoto ba ado, sai fararen haruffa suna gudu. A buɗe wa mutum uku wurin shiga, biyu su iya karanta fayil, ɗaya kada ya iya. A yanki wurin ajiya a ware shi. An manta kalmar sirrin babban mai kula, a nemo hanyar shiga a sauya ta. Ban san yadda ake yin ko ɗaya ba, amma na iya karantowa, na iya duba agogon Malam.

A nan na lura da abin da ita kanta ba ta sani ba. Duk tambayar da za ta fara sai ta yi bisimilla a fili, tana aiki kuma leɓenta yana motsi, tana bin abin da take bugawa kamar mai tilawa. Tarbiyyar Iya ce, kuma da haka aka koya mana karatu duka. Na yi ta juya yadda zan faɗa. Daga ƙarshe na nuna mata layin da yatsa a takardar ƙa'idoji, na ce, "Bakin."

Ta ce, "Yaya, bisimillar ma?"

Na ce, "Wanda ake yi dominsa yana jin ta zuci."

Sai da muka yi mako biyu kafin bakin nan ya zauna. Duk motsin da ya yi sai in ƙwanƙwasa agogo a tebur, ta yi murmushi ta datse leɓe.

Wani abu kuma da ta koya mini: masu jarrabawar ba sa duba aiki sai sun kashe kwamfutar sun sake kunna ta. Abin da ya tashi daidai shi ne naka, abin da bai tashi ba kamar ba ka yi ba. Don haka in lokaci ya cika ni nake danna wurin kashewa. Gwajin farko da muka yi cikakke, ta amsa kusan duka, na kashe, na kunna, kwamfuta ta ƙi tashi. Layi ɗaya ta rubuta ba daidai ba a sabon babin nan, ya rushe aikin awa uku. Ta kifa kai a tebur tana kuka mara sauti. Hannuna ya tashi zai dafa ta, ya tsaya a hanya. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Gobe ma rana ce. Tashi ki ci abinci."

Abincin ma a lokacin sai godiya. Shekarar taki ya yi tsada, rumbu ya yi ƙasa tun kafin gero ya fitar da kai. In na shiga ɗebo dawa sai na durƙusa har kafaɗata ta shige. Da safe kunun tsamiya, da rana kwaɗon rama ko na tafasa da ɗan ƙuli, tuwo sai dare, shi ma malmala ba ta cika hannu ba. Nakan rage nawa in tura a kwanon Iya, na san inda zai ƙare. Iya ta gane, ba ta taɓa tona ni ba.

Da Agusta ta shiga sai marka ta kama. 'Yar solar da muke da ita ta zama kwano a kan rufi. Kwamfutar kuma batirinta awa biyu yake yi ya mutu. Malam yakan naɗe ta a leda, ya sa a buhun taki, ya ɗaura a ƙirjinsa cikin riga, ya hau babur zuwa Karaye a yi caji, ya dawo ƙafafunsa jawur da laka. Ranar da hanya ta ƙi biyuwa sai mu koma takarda: ta rubuta umarnin da ka, ni kuma in bi harafi-harafi ina gwadawa da littafi. "Kin bar tazara a nan." "Wannan ƙaramin baƙi ne, kin sa babba." Shafukan tsohuwar jarrabawa da aka daina amfani da su kuwa, Iya ta tattara tana ƙunsa daddawa da su. Ta ce ilimi ba ya zama asara. Katangarmu ta baya ta jiƙe ta zube wata safiya, muka kare wurin da zana. Soron ma ya fara ɗiga a kusurwa ɗaya. Malam ya hau ya yi yaɓe, ya share indararo, duk da haka muka ajiye tasa da tsumma a ciki don kada a ji ɗis-ɗis.

Aka sa rana, Laraba da hantsi. Ita ta zaɓi lokacin don a gama kafin azahar. Janareta ba zai yiwu ba saboda ƙara, sai Malam ya je wurin liman ya roƙi aron batirin masallaci da na'urarsa. Liman ya ce a ɗauka bayan asuba, a dawo da shi kafin kiran azahar.

Saura unguwa. Ranar Litinin na yafa mayafi na bi gida-gida. Ban taɓa roƙon irin wannan ba, na rasa ma sunan da zan ba shi. A gidan Talatu maƙwabciyata na ce, "Gayya na zo kira, amma ba ta fartanya ba ce. Shiru nake so ku taya mu, jibi daga hantsi zuwa azahar."

Ta riƙe haɓa. "Wato su Turawan ko daka ba sa so? To me suke ci?"

Muka yi dariya, ta ce an gama. Mai injin niƙa ya ce ba zai tayar ba sai ya ji kiran salla. Wata tsohuwa ta ce ita tarinta ba ya jin roƙo, amma za ta wuni gidan 'yarta. Ba wanda ya tambaye ni me za a ba shi. Yammacin Talata unguwar nan ta ɗauki daka kamar jajibirin salla, kowace mace tana yin na kwana biyu. Aka kai zakaranmu gidan ƙanwar Malam a ƙarƙashin kwando, aka ɗaure awaki can bakin fadama.

Laraba ta waye da yayyafi. Iya ta tofa mata addu'a a ka, ta ce, "Je ki, ƙawata, Allah ya yi miki jagora." Yarinyar ta shiga ta ja ƙofa. Na ji ta tana zagaya kyamara tana nuna wa mai sa ido bango da ƙarƙashin tebur, daga nan sai shiru. Malam ya zauna a zaure yana tare maza. Iya muka kai ta madafa, don kunnenta ya yi nauyi, raɗarta ma ana ji a waje. Ni kuma na ajiye kujera 'yar tsugunne a ƙofar soron, ƙarƙashin indararo, da carbi a hannu.

Ban taɓa jin Kurugu haka ba. Ba taɓarya, ba inji, ba kukan akuya. Sai kwaɗi can a fadama, da ruwa yana sauka a ganyen masara, da ƙas-ƙas ɗin madannai ta bayan ƙofa. In ƙarar ta tsaya numfashina ya tsaya, in ta ci gaba in ja carbi.

An yi kamar awa ɗaya da rabi sai na ga zanar da muka kare katanga da ita ta motsa. Mun tsare zaure, mun manta da baya. Wa zan gani? Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin Malam, daga Falgore, da ƙunshin rogo a ka. Ɗan acaɓa ya sauke ta a bayan gida saboda laka, ta ga hanya ta shigo. Gwaggo mace ce da in ta yi sallama a gidanmu ana amsawa a gida na uku, kuma ba ta tsayawa ko'ina sai ɗakin Iya. Na ga ta ja numfashi ta buɗe baki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka. "Salamu al..." ta fara, na kai tafin hannuna na rufe bakin Gwaggo.

Ni, surukar gidan, wadda ko sunanta ban taɓa faɗa a gabanta ba. Idanunta suka fito waje. Na zube a laka a gabanta, hannuna ɗaya riƙe da bakin zanenta, na amsa mata sallamar a raɗa, don ba a barin sallama a ƙasa. Na ce, "Gwaggo, ki yi mini rai. Ki yi mini duk abin da za ki yi, amma bayan azahar."

Ta ce cikin shaƙaƙƙiyar murya, "Ke! A gidan ubana?"

Sai ga Iya ta leƙo daga madafa tana yafato ta da hannu biyu, ta ɗora yatsa a baki. Ganin Iya a bakin murhu, ɗakinta a rufe, ya sa Gwaggo ta zaci wani mugun abu ne ya faru. Ta bi ni salalo-salalo. A madafa na yi mata bayani a kunne. Ta saurara, ta harare ni sama da ƙasa, ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta tamke baki tam. Awa ɗaya da rabi Gwaggo Asabe ba ta ce uffan ba. In magana ta taso mata sai ta ɓare goro ta jefa a baki.

Na koma ƙofa. Madannai sun yi shiru. Na ƙirga salati ya fi ɗari kafin na sake jin ƙas-ƙas. Daga baya yarinyar ta gaya mana mai sa ido ya ji rabin sallamar, ya dakatar da ita, ya sa ta sake zagaya ɗakin da kyamara, ya rubuta mata cewa wannan gargaɗi ne, in an sake ji an rufe.

Gab da azahar ƙofa ta buɗe. Ta fito idanunta jawur, ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Yaya, na kashe na kunna sau biyu. Komai ya tashi." Malam ya sungumi batir ya yi masallaci da gudu-gudu. Ladan yana cewa Allahu akbar, injin niƙa ya tashi, Gwaggo ma ta tashi.

"Shekara saba'in da wani abu, ko mijina bai taɓa rufe mini baki ba! Sai yau, matar ɗana! Da hannu mai warin albasa!"

Malam ya dawo ya durƙusa yana ba da haƙuri, ni ina bayansa kaina a ƙasa. Ta ce ba za ta koma Falgore ba sai ta ga sakamakon abin da aka wulaƙanta ta dominsa. In yarinya ta ci, to. In ba ta ci ba, dangi za su zauna a kan maganar nan. Kwana uku ina kai mata ruwan alwala tana karɓa tana kallon gefe. Ba zaman dangi nake tsoro ba. Tunanina rabin sallamar nan, ko ta ci wa yarinyar mintunan da za su kayar da ita, ga bijimi ya tafi, ga Satumba ta ƙarato.

Ranar Asabar rana ta fito. Kowa ya baza shanya, Malam ya karyo masarar farko daga bayan gida, ina gasawa a bakin murhu. Sai ga ta ta fito daga soro da waya a hannu. Ta wuce Iya, ta wuce Gwaggo, ta durƙusa a gabana.

"Yaya, ya shigo. Na kasa dubawa. Karanta mini."

Na goge hannu a zane na karɓa. Haruffan suna rawa. Na bi su da yatsa yadda na saba bin nata, na karanta da Turanci har ƙasa.

Gwaggo ta daka tsawa, "Da Hausa!"

Na ce, "Ta ci. Har ta wuce abin da ake nema."

Iya ta rangaɗa guɗa da muryar da ban san tana da sauranta ba. Yarinyar ta faɗi ta yi sujada a nan kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Malam ya shigo da fartanya a kafaɗa yana tambaya lafiya, da ya ji sai ya juya ya fuskanci bango yana share ido da hular kansa. Kafin masara ta gasu gida ya cika. Talatu ta mirgino turminta, wasu suka kawo taɓare, suka kama lugude a turmin da babu ko ƙwaya a ciki, suna yi suna juyi. Ni dai ina tsugune ina juya masara, tana ƙonewa ina kallo, bakina ba abin da yake fita sai alhamdu lillahi.

Da hayaniya ta lafa Gwaggo ta kira ni. Na je na durƙusa. Ta ce, "Miƙo hannun." Na miƙa. Ta juya shi ta duba ciki da baya, ta ɗora mini ɓarin goro a tafin.

"Na yafe. Amma ki sani, ba ke kika yi aikin ba. Rufe baki na ɗan lokaci kowa ya iya. Riƙe shi awa ɗaya da rabi, ga magana cike da ciki, wannan sai mu."

Kafin a yanke gero 'yar Iya ta kama aiki a Kaduna, tana can har yanzu, an ma ƙara mata girma. Gwaggo kuwa tana nan da ranta. In ka je Falgore ka zauna da ita, ba za ka tashi ba sai ta ba ka labarin jarrabawar Turawa da ta ci wa jikarta da baki a rufe. A bakinta awa ɗaya da rabin ta zama uku, bara na ji ta kai wuni guda. Ni kuwa ban taɓa musa mata ba.